Bin Sawun Fanel a Ƙasar Kazaure da Babura

Abokina injiniyan lantarki ne a Kano. Yana da ƙaramin ɗakin aiki inda shi da yaransa suke harhaɗa kwantirolar sola, akwatin nan da ke tsakanin farantin sola da batir yana daidaita caji, da kuma irin wadda ake sa wa ƙananan famfunan rijiyar burtsatse. Allon da ke cikin akwatin, wanda masu gyara ke kira fanel, shi yake zana shi a kwamfuta, ya aika Shenzhen ta ƙasar Sin a buga masa, a dawo da shi babu komai a kai, sannan a nan gida a jera ƙananan kayan a laƙa su da dalma. Kasuwa ta fara buɗe masa, amma kayan da ake dawowa da su don sun lalace su ma suka fara yawa. Ana cikin haka wani dillali ya yi masa tallar na'urar gwajin fanel ta hannu, irin mai allurai masu shawagi, a kan kuɗin da sai ya sayar da filinsa ya kuma ci bashi kafin ya biya.

Kafin ya ba dillalin amsa, sai ya ce zai je ya ga kayansa a inda suke aiki da inda suke mutuwa. Da yawa daga masu sayensu mutanen arewa maso yammacin Jigawa ne, daga Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura. Ya ce in raka shi, na ce to.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, cikin hunturu, hazo ya sauka har fitilun motoci ba sa nisa. Muka kama hanyar Daura. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai tarin kara a gindin itatuwa da garken shanu suna kiwo a saura. Ta wannan yanki ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ɗora harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai ratsa Dambatta da Kazaure da Daura.

A Dambatta muka tsaya wurin mai shayi, a nan ya buɗe kwamfutarsa ya nuna mini hoton bidiyon na'urar tana aiki. Fanel na kwance a tsakiya, an matse gefunansa. Daga sama wasu hannuwan ƙarfe huɗu, kowanne da allura a bakinsa, suna kai-komo, su sauka su taɓa wuri, su tashi su koma wani, kamar kaza tana tsince tsaba a kan tabarma, sai dai ido ba ya iya bin saurinsu. Ya ce duk taɓi ɗaya awo ne. Allurai biyu za su taɓa bakunan hanya ɗaya ta jan ƙarfe su ga ko wuta tana wucewa. Za su taɓa hanyoyi biyu maƙwabta su ga ko sun haɗe alhali bai kamata ba. Za su auna rasisto su ga ko ƙarfinsa shi ne wanda aka rubuta, su auna kafasito, su duba ko an sa dayod a juye. Kwamfuta ce ke gaya musu inda za su sauka, daga zanen fanel ɗin, kuma kyamara tana kallon alamomin da ke jikinsa don kada allura ta kauce.

Na ce, “To, Injiniya, kafin a ƙirƙiro wannan da me ake gwadawa?”

Ya ce, “Da gadon ƙusoshi, Malam, kuma har gobe manyan masana'antu da shi suke aiki.” Wani faranti ne da ake dasa wa ɗaruruwan ƙusoshi masu tsalle, kowace daidai wurin da za ta taɓa, a danna fanel a kai, a auna komai cikin daƙiƙu. Saurinsa babu kama hannun yaro. Amma kowane irin fanel sai an ƙera masa nasa gadon, ƙirar takan ci makonni da dubban daloli, kuma da zarar ka matsar da abu ɗaya a zanenka gadon ya tashi aiki. Wanda ke buga fanel dubu ɗari iri ɗaya, wannan ba ya damunsa. Wanda ke buga kaɗan-kaɗan yana canza zane, ba zai iya ba. Don irinsu aka yi mai allurai. Kamfanin Takaya na Japan yana cikin waɗanda suka fara fito da ita a shekarun 1980, yau kuma akwai SPEA da Seica a Italiya, da Acculogic a Kanada, da atg Luther & Maelzer a Jamus waɗanda suka yi suna wajen gwajin fanel kafin a ɗora masa kaya. Ita ba ta buƙatar gado, sai dai abin da gado zai gama cikin daƙiƙu ita takan ɗauki mintoci.

Kazaure

Tun daga nesa duwatsu suke sanar da kai ka iso Kazaure. Garin yana kwance a tsakaninsu, ga ruwan dam yana sheƙi a gefe, masu lambu suna ban ruwa. Masarautar ta samo asali daga Ɗantunku wajen 1819, kuma ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk a ƙarƙashinta suke. Sarki Najib Hussaini Adamu yana kan gado tun 1998.

Garin karatu ne, karatun ma na fasaha. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ta fara ne a matsayin ta jiha bayan an ƙirƙiro Jigawa a 1991, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. Akwai kuma makarantar koyon ilimin kwamfuta da aka fi sani da Informatics, wadda aka kafa zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan garin, da haɗin gwiwar wata cibiya ta Singafo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne ka tarar da saurayi a rumfar gyaran waya yana maka bayanin aikin kafasito dalla-dalla.

Wurin irin wannan saurayi muka fara zuwa, shi ne wakilin abokina a garin. Rumfarsa ba ta fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai fitila mai gilashin ƙara girma, da ƙarfen soda, da injin hura iska mai zafi, da mita wadda fatar wayoyinta ta sha ɗauri da salatif. Ya jawo buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage mana fanel-fanel da aka dawo da su.

Na zauna ina kallon hannunsa. Ya ɗauki ɗaya, ya karkata shi ga haske, ya hure ƙura. Ya kama tsinken mita ja a dama, baƙi a hagu, ya dafa gwiwar hannunsa a kan tebur don kada ya yi rawa, ya taɓa ƙafafu biyu na wani ƙaramin aisi. Mita ta yi ƙara. Ya ɗaga kai ya ce, “Yallaɓai, ka ji ko? Waɗannan ba su da dalilin haɗuwa.” Ya sa gilashi ya nuna mana: wani ɗigon dalma siriri ya haɗe ƙafafun biyu. A wani kuma an sa rasisto wanda ba shi ba ne, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, ƙarfinsu ya bambanta. Irin waɗannan ƙananan kaya, wasunsu tsawonsu milimita 1 ne, faɗinsu rabin milimita, kuma babu rubutu a jikinsu. Idan yaro ya ɗauko daga kwalin da ba shi ba, ido ba zai gane ba, sai awo.

Abin da yake yi da tsinke biyu shi ne ainihin abin da waccan na'ura take yi. Bambancin shi ne yana bin inda zuciyarsa ta zarga, ita kuwa tana bin kowane lungu ba ta tsallake ko ɗaya, ba ta gajiya, ba ta kuma mantawa da rubuta sakamako. Abokina ya ware waɗannan fanel-fanel gefe guda. Ya ce da yana da na'urar, babu ɗaya daga cikinsu da zai fita daga ɗakin aikinsa. Na ga fuskarsa ta saki, kamar ya sami hujjar sayen da yake nema.

Roni

Bayan azahar muka nufi Roni. Ƙasa ce ta duwatsu da jar ƙasa, hanya tana hawa tana sauka. Muka saki kwalta muka shiga wani ƙauye inda aka sa kwantirolarsa a rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Mun tarar da tankin a bushe. Jarkoki suna jere an ɗora musu duwatsu don riƙe layi, yara kuma suna dawowa daga wata tsohuwar rijiya mai nisa, suna tura baro.

Dattijon da ke riƙe da makullin ya fito, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya ce, “Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Ku ne masu akwatin?” Abokina ya ce, “Mu ne, Baba.” Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi tun da famfon ya tsaya, matan gidansa ba sa gama aikin safe sai rana ta take, kuma jikokinsa mata biyu sun daina zuwa makaranta da wuri saboda ɗibar ruwa. Ya miƙa makullin.

Da aka buɗe akwatin, ƙura ce ta fara zubowa, ja, mai laushi. Ta lulluɓe fanel ɗin gaba ɗaya, ta toshe ƙofofin shan iska. A bayan fanel ga busasshiyar tsaka maƙale tsakanin manyan hanyoyin wuta biyu, gefenta ya yi baƙi. Manyan kafasito biyu sun kumbura, bakin ɗaya ya tsage ya zubar da ruwansa. An kafe akwatin ne a jikin ƙarfen da ke ɗauke da farantan, yana fuskantar yamma, babu inuwa. A watan Afrilu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin akwatin ƙarfe da rana ta doka tun hantsi? Masu ƙera irin wannan kafasito mai ruwa a ciki suna da ƙa'ida sananniya: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage tsawon ransa da kusan rabi.

Abokina ya daɗe yana kallon abin. Sannan ya ce, “Malam, wannan fanel ɗin lafiyarsa ƙalau ya bar Kano. Ko na'ura goma na gwada shi da su, za su ce ya ci jarrabawa.” Abin da ya kashe shi ba a wurin laƙa dalma yake ba. Akwati ne mai ramin da tsaka za ta iya shiga, da fanel da ba a shafa masa man kariya ba, da kafasito mai jure digiri 85 inda ya kamata a sa mai jure 105, da kuma wanda ya kafe shi a rana. Abokina ya canza fanel da wanda ya zo da shi, aka kwance akwatin aka mai da shi ƙarƙashin farantan, ya toshe ramukan da raga. Kafin la'asar ta yi sanyi ruwa ya fara hawa tanki. Dattijon ya sa aka kawo mana fura, ya yi mana addu'a, ya kuma roƙi a bar masa lambar wanda zai kira idan abin ya sake tsayawa.

Gwiwa

Washegari muka tafi Gwiwa. An jima ana ambaton yankin a maganar wutar rana. A 2018 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafin dala miliyan 1.5 don share fagen shirin samar da megawat 1,000 na wutar rana a Jigawa, kuma Gwiwa aka ambata a matsayin wurin aikin. Amma wutar ranar da talaka ya sani a yau ita ce ta faranti ɗaya ko biyu a kan rufin kwano, wadda ke cajin waya, ta kunna fanka, ta sanyaya ruwan leda.

Mun je wurin wani mai cajin waya a bakin kasuwa da ke aiki da kwantirolar abokina. Allon katako ne aka jera wa soket, kowace waya da lambarta a rubuce a salatif. Ya ce kwantirolar takan yi aiki lafiya da safe, amma da rana ta take, caji ya yi ƙarfi, sai ta yi zafi ta mutu. An canza masa, wadda aka kawo ma haka ta yi. Abokina ya cire mosfet ɗin da ya ƙone, wato ƙaramin makunnin da ke ɗaukar nauyin wutar, ya goga fuskar mosfet ɗin da ɗan yatsa da man goge fanel, sai rubutun ya fara fita. Na jabu ne. An ɗauki mai ƙaramin ƙarfi an buga masa lambar babba. Ya tuna lokacin da kayan suka yi wuya ya sa aka sayo masa a kasuwa wurin wanda bai saba saye ba.

Irin wannan ma na'urar mai allurai za ta iya wuce shi. Ita da 'yar wuta kaɗan take awo, yawancin gwajinta ma ba a kunna fanel. Za ta tabbatar cewa mosfet yana nan, an laƙa shi daidai, yana buɗewa yana rufewa. Ba za ta ɗora masa nauyin da rana tsaka ke ɗora masa ba. Wannan sai gwajin aiki: a haɗa kwantirola da wuta da kaya irin waɗanda za ta ɗauka, a bar ta tana aiki sa'o'i cikin zafi, mai mutuwa ya mutu tun a gida. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin iri-iri ne, kuma kowanne da irin laifin da yake kamawa. Kyamara tana kama abin da aka sa a karkace. Hoton ƙashi, irin na asibiti, yana ganin dalmar da ke ɓoye a ƙarƙashin manyan aisi masu ƙafafu a ciki, inda allura ba ta kaiwa. Allurai suna kama haɗewa da yankewa da kuskuren kaya. Gwajin aiki yana kama raggon kaya da raunin zane.

Da dare a masaukinmu na Kazaure abokina ya baje duk abin da muka tattaro a kan darduma, ya kasa kashi uku: waɗanda suka fito da laifi tun daga hannun masu haɗawa, waɗanda zafi da ƙura da ƙwari da kuskuren mai kafewa suka kashe, da waɗanda kayan jabu ko zanensa suka jawo. Kashi na farko shi kaɗai na'urar za ta magance, kuma ba shi ne ya fi tsayi ba.

Daga nan ya ɗauko takardar da dillalin ya aiko, muka bi ta layi-layi. Abu na farko da ya duba shi ne ko na'urar ta gwajin fanel marar kaya ce ko ta wanda aka gama haɗawa, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma fanel ɗinsa tun a Shenzhen ake gwada hanyoyinsa kafin a aiko. Na biyu, tsayin kayan da za ta iya tsallakewa. Fanel ɗin wuta yana ɗauke da taransifoma da manyan kafasito da ƙarfen shan zafi, idan sun fi abin da hannuwan ke iya haurawa, sai dai a gwada kafin a ɗora su. Na uku, yawan allurai, da ko akwai na ƙasa. Mai huɗu daga sama kawai ta fi araha, amma fanel mai kaya gaba da baya sai an juya shi, mai shida ko takwas kuwa tana taɓa fuskokin biyu lokaci guda. Na huɗu, ko tana awo da waya huɗu, wanda shi ne hanyar auna ƙaramar turjiya irin ta rasiston da ke ƙidaya yawan wutar da ke shiga batir.

Sai kuma abubuwan da takardar ba ta ambata ba. Na'urar tana son wuta tsayayya wadda ba ta rawa, da ɗaki mai sanyi marar ƙura, wasu ma har da injin matsa iska. Tana son a daidaita awonta lokaci-lokaci. Allurai suna cinyewa, sai an sayo daga waje. Manhajar da ke tafiyar da ita tana da lasisi, kuma ba kullum lasisin ke bin na'ura idan an sayar da ita hannu na biyu ba. Idan ta tsaya, wa zai zo, daga ina, a kan nawa? Ga kuma hunturu, lokacin da iska ke bushewa har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi. Wannan 'yar wutar jiki ta isa ta raunana aisi ba tare da an gani ba, kuma maganinta tabarmar tebur ce ta musamman da igiyar da ake ɗaurawa a hannu a haɗa da ƙasa, kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Yaran abokina ba su da su.

Muka yi lissafi. A ce kowane fanel zai ci minti 5, a sa'a ɗaya za a gwada 12, a aikin sa'a 8 kusan 100. Abin da yake haɗawa a wata, na'urar za ta gama shi cikin 'yan kwanaki, sauran watan tana zaune tana shan wutar na'urar sanyaya ɗaki, bashi yana hauhawa.

Babura

Da safe muka nausa gabas zuwa Babura. Duwatsu suka ƙare, ƙasa ta baje, yashi ya fara yawa, ga gawo da kuka da giginya jefi-jefi. Babura a masarautar Ringim take, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma ana jin hakan a kasuwa da bakin mutane. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a garin.

Mun zauna da wani mai gyaran inbata da famfunan sola, magidanci, wanda ake kawo wa aiki har daga ƙetaren iyaka. A bayan shagonsa akwai tarin inbata da kwantirola na ƙasashen waje, masu tsada, waɗanda aka haƙura da su. Ya ce, “Injiniya, ba don ba su gyaruwa ba ne. Zanensu ne babu. Kamfani ba ya ba ka, sai ka yi ta lalube.” Abokina ya gaya masa cewa wasu daga cikin waɗannan na'urori masu allurai suna da wani aiki da ba a cika ambata ba: a ba su fanel mai lafiya su bi shi wuri-wuri su haddace yadda kowane wuri ke amsa wuta, sannan a ba su marar lafiya su nuna inda ya saɓa. Wasu ma suna iya fitar da taswirar hanyoyin fanel ɗin da babu zanensa. Akwai kuma ƙananan na'urorin tebur masu yin irin wannan kwatance da hannu, irin na Huntron na Amurka da ABI Electronics na Ingila, waɗanda kuɗinsu bai kai na babbar ba ko kusa. Mutumin ya gyara zama ya ce, “To ai mu ya kamata a kawo wa wannan.”

Maganarsa ita ta buɗe mini ido a tafiyar. Na'urar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya ba ta fi ƙarfin yanki ba. Tsakanin Kazaure da Babura akwai kwalejin fasaha ta tarayya, da makarantar kwamfuta, da jami'ar fasaha, ga Kano da kasuwar waya ta Farm Centre da masu haɗa kayan sola a kusa. Akwai asusun TETFund da ke saya wa manyan makarantu kayan aiki, akwai hukumar NASENI da aka kafa a 1992 don irin wannan fanni, wadda take da cibiyar bunƙasa kayan lantarki a Awka. Da za a kafa ɗakin gwaji ɗaya a ɗaya daga makarantun nan, mai wutar sola tsayayya, da ma'aikata biyu ko uku da aka horar aka kuma riƙe su da albashi mai kyau, da kuɗin allurai da gyara da aka ware tun ranar saye, sannan a buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su kawo fanel su biya kuɗin awo, da na'urar ba ta zauna ba. Ɗalibi zai koyi zana fanel yana barin wuraren da allura za ta taɓa, mai haɗa kwantirola zai sami takardar shaidar gwaji da zai nuna wa mai saye, mai gyara zai ceto inbatar da aka yar. Sharaɗin kawai shi ne a fara da tambayar wa zai yi aiki da ita da abin da za a gwada, kafin a tambayi farashi. Na'urar da aka saya don a nuna wa baƙi, ba a daɗewa ake lulluɓe ta da leda.

Mun dawo Kano ta Kanya Babba da Kunya. A hanya abokina ya kira dillalin ya ce masa ba yanzu ba. Ya ce kuɗin da zai iya fitarwa zai sa su ne a abubuwan da tafiyar ta nuna masa. Zai sayi gilashin duba dalma da tabarmar kare wutar jiki ga kowane tebur. Zai ƙera ɗan ƙaramin gadon ƙusoshi na hannu ga kwantirolar da ta fi tafiya, tunda zanenta ya zauna. Zai gina akwatin zafi inda kowace za ta yi aiki da cikakken nauyi kafin ta fita. Zai koma ga kafasito mai jure digiri 105, ya shafa wa fanel man kariya, ya sa raga a ƙofofin iska, ya daina sayen mosfet sai a wurin wakilin da ke ba da takarda. Kowane fanel zai sami lamba, kuma wakilansa na Kazaure da Babura za su riƙa rubuta abin da ya kashe duk wanda aka dawo da shi. A sabon zanensa zai bar wuraren taɓawa, domin ranar da aikinsa ya kai, ko ranar da aka sami ɗakin gwaji na haɗaka, fanel ɗinsa ya kasance a shirye.

Ina ganin ya yi daidai, kuma ina fata masu faɗa a ji a makarantun nan da gwamnatin Jigawa su ɗauki maganar ɗakin gwajin da muhimmanci. Kayan sola suna ta shiga ƙauyukan yankin, rijiya da asibiti da shago duk sun fara dogaro da su, kuma samarin da za su iya ƙera su da gyara su suna nan a Kazaure da Babura. Abin da ya rage musu shi ne wurin da za su auna aikinsu kafin ya isa hannun mutanen da ruwan shansu ya rataya a kansa.